Kotun Tsarin Mulki ta Nijar: mene ne aikinta, kuma ina iyakar ƙarfinta?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin shari'a ne a Katsina. Nakan ji ana ambaton Kotun Tsarin Mulki duk lokacin da ake maganar zaɓe a Jamhuriyar Nijar, alhali mu a Najeriya Kotun Ƙoli muka sani. Mene ne aikin wannan kotu, yaya aka yi ta samu, kuma wane amfani gare ta tun da na ji an ce wani shugaban ƙasa ya taɓa rusa ta da rana tsaka?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya, kuma ba kai kaɗai ne wannan suna yake rikitarwa ba, domin ƙasashen biyu, duk da cewa iyaka ce kawai ta raba su, kowacce da gidan da ta gaji tsarin shari'arta. A Najeriya kowace babbar kotu tana da hurumin duba doka ta ce ta saɓa wa kundin tsarin mulki, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ƙoli, wadda ita ce kuma ke yanke hukuncin ƙarshe a shari'ar kisa da ta gado da ta zaɓen shugaban ƙasa. Wannan salo daga Amurka ya samo asali. Akwai kuma wani salo na daban wanda masanin shari'a Hans Kelsen ya tsara wa ƙasar Ostiriya a 1920, inda ake ware kotu guda ɗaya a ce ba ta da wani aiki sai tsaron kundin tsarin mulki, sauran kotuna kuma su ci gaba da shari'o'in yau da kullum. Faransa ta kafa tata majalisar tsarin mulki a 1958, kuma daga can ne akasarin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka suka ɗebo abin, kowacce ta yi masa kwaskwarima daidai da bukatarta.

A Nijar, idan muka ɗauki kundin 25 ga Nuwamba 2010, wato na Jamhuriya ta Bakwai, wanda sojoji suka jingine tare da kotun a 2023, aikin da ya ba kotun ya rabu gida biyu manya. Na farko shi ne auna dokoki da ma'aunin kundi. Akwai dokokin da dole ne a kai mata kafin shugaban ƙasa ya sa musu hannu, kamar manyan dokokin da ke tsara hukumomin ƙasa da kuma dokokin cikin gida na Majalisar Dokoki. Sauran dokoki kuwa sai an kai mata ƙorafi, kuma ba kowa ke da ikon kaiwa ba: shugaban ƙasa ne, ko firaminista, ko shugaban majalisa, ko kashi ɗaya cikin goma na 'yan majalisa. Wannan kashi ɗaya cikin goma shi ne ƙofar 'yan adawa, kuma ta nan ne wasu manyan shari'o'in kotun suka shigo. Talaka ba zai tashi daga gida ya shigar da ƙara a gabanta kai tsaye ba, saɓanin Jamhuriyar Benin inda kundin 1990 ya buɗe wa kowane ɗan ƙasa ƙofa. Abin da aka bar masa shi ne wata ƙaramar taga. A ce ana shari'a da wani ɗan kasuwa a kotun Maraɗi, sai lauyansa ya tashi ya ce dokar da ake so a hukunta shi da ita ta saɓa wa kundin tsarin mulki. A nan dole alƙali ya ajiye alƙalaminsa, a aika da tambayar Yamai, Kotun Tsarin Mulki ta amsa cikin kwana 30, kuma idan ta ce dokar ta saɓa wa kundi, to dokar ta mutu ga kowa da kowa, ba ga wannan ɗan kasuwa kaɗai ba.

Gida na biyu shi ne zaɓe, kuma shi ne ya sa kake yawan jin sunanta. A ƙarƙashin wannan kundi, ita ce ke tantance 'yan takarar shugabancin ƙasa da na majalisa, ita ke sauraron ƙorafe-ƙorafe, ita ke bayyana sakamako na ƙarshe, domin abin da hukumar zaɓe ta CENI take faɗa na wucin gadi ne har sai kotun ta tabbatar. A gabanta ne kuma zaɓaɓɓen shugaba yake ɗora hannu a kan littafi mai tsarki na addininsa ya yi rantsuwa. Ka riƙe maganar rantsuwar nan, za mu dawo gare ta. Hukuncin kotun ba a ɗaukaka shi zuwa ko'ina, kuma ya hau kan kowa, farar hula da soja.

Bisa kundin na 2010, alƙalanta bakwai ne, kowannensu ya kai shekara 40 aƙalla, kuma hikimar tsarin tana cikin yadda ake samo su. Shugaban ƙasa yana gabatar da mutum ɗaya kacal, shugabannin majalisa su gabatar da ɗaya, alƙalai su zaɓi biyu daga cikinsu, lauyoyi su zaɓi ɗaya, malaman shari'a na jami'a su zaɓi ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam su ma su zaɓi ɗaya. Wa'adinsu shekara shida ne ba sabuntawa, ba a kuma tsige su, kuma su da kansu suke zaɓar shugabansu. Manufar a bayyane take, wato kada alƙali ya yi hukunci yana hangen wanda zai sake naɗa shi.

Game da tarihi, daga samun 'yancin kai a 1960 har zuwa 1999 babu wata kotu mai zaman kanta da ke wannan aiki, wani sashe ne a cikin Kotun Ƙoli yake yin sa, kuma a zamanin jam'iyya ɗaya ta Jori Hamani da mulkin soja na Saini Kunce, wanda ya hau a 1974, babu wanda zai kai ƙarar gwamnati balle a saurare shi. Abin ya fara rai ne bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 da kundin Disamba 1992. A 1995, lokacin da Shugaba Mahaman Usman da Firaminista Hama Amadu suka shiga abin da 'yan Nijar suka laƙaba wa suna zaman 'yan marina, wato shugaban ƙasa da firaminista sun fito daga ɓangarori masu hamayya da juna, rigima kan wanda ke da ikon kiran taron ministoci da naɗa manyan ma'aikata ta kai gaban Kotun Ƙoli domin fassara, amma fassarar ba ta kashe wutar ba, sai da Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996. A zaɓen Yulin wannan shekara Ba'are ya rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar aiki, ya kafa wata, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar masa da nasara da kashi 52 cikin ɗari. Waɗanda suka rubuta kundin Jamhuriya ta Biyar, wanda ya fara aiki ranar 9 ga Agusta 1999 bayan kisan Ba'are a lokacin riƙon ƙwaryar Dauda Malam Wanke, suna da wannan a zuciyarsu sa'ad da suka ciro aikin daga Kotun Ƙoli suka ba shi gida nasa na kansa.

Sabuwar kotun ta nuna tun da wuri cewa ba 'yar amshin shata ba ce. A 2002, bayan boren sojoji a yankin Diffa, ta ce matakan da Shugaba Tanja Mamadu ya ɗauka ta hanyar umarnin shugaban ƙasa, ciki har da taƙaita bakin 'yan jarida, sun saɓa wa kundi. Amma babbar jarrabawar tana gaba.

An zaɓi Tanja a 1999, aka sake zaɓensa a 2004, kuma wa'adinsa na biyu zai ƙare ranar 22 ga Disamba 2009. Aya ta 36 ta kundin 1999 ta ce wa'adi shekara biyar ne, ana sabunta shi sau ɗaya tak, aya ta 136 kuma ta sa wa wannan ayar kwaɗo, ta ce ba a taɓa ta da sunan gyara ko ta wace hanya. Tun ƙarshen 2008 magoya bayansa suka fara gangami a Damagaram da Yamai suna kiran tazarce, kalmar da kai ma ka san ta tun zamanin Janar Sani Abacha, suna cewa a bar tsoho ya ƙarasa ayyukan da ya fara, irin su matatar mai ta Damagaram da madatsar ruwa ta Kandaji da gada ta biyu a Yamai. Lauyoyin fadar shugaban ƙasa sun san ba za su iya buɗe kwaɗon ba, sai suka zo da wata dabara da ta cancanci ɗalibin shari'a ya yi nazarinta. Suka ce su ba gyaran kundi za su yi ba, sabon kundi ɗungurungum za su kawo, kuma tun da mulki na al'umma ne, babu wanda zai hana a tambayi al'umma ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Ma'ana, an hana su taɓa ƙofa, sai suka ce za su rushe gidan gaba ɗaya su gina wani.

Wasu 'yan majalisa suka nemi ra'ayin kotun, wadda a lokacin Mai Shari'a Salifu Fatimata Bazeye take shugabanta. Ranar 25 ga Mayu 2009 kotun ta amsa da cewa aya ta 49, wadda ta ba shugaban ƙasa damar kiran ƙuri'ar raba gardama, ita da kanta ta cire batun kundin tsarin mulki daga cikin abubuwan da zai iya kai wa jama'a ta wannan hanya, domin sauya kundi yana da tasa hanya da ta bi ta majalisa. Ta ƙara da cewa shugaban da ya rantse zai kiyaye kundin ba zai iya jagorantar kawar da shi ba face ya karya rantsuwarsa. A ƙasar da kowa ya ga shugaba ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, wannan magana ta ƙarshe ta fi duk wata fassarar aya nauyi a kunnen mutanen gari, har waɗanda ba su taɓa karanta layi ɗaya na kundin ba, wanda da Faransanci aka rubuta shi, sun fahimci abin da ake nufi da cin rantsuwa.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata ka kiyaye, domin a kansa aka yi ta gardama a wancan mako. Abin da kotun ta bayar ranar 25 ga Mayu ra'ayi ne, ba hukunci ba, kuma ra'ayi shawara ce da ba ta ɗaure kowa. Da wannan fadar shugaban ƙasa ta fake. Washegari, 26 ga Mayu, Tanja ya rusa Majalisar Dokoki, ranar 5 ga Yuni kuma ya sa hannu a kan umarnin kiran masu zaɓe zuwa ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Sai dai wannan sa hannu shi ne ya ba abokan hamayyarsa abin kamawa, domin yanzu akwai takarda ta hukuma da za a iya ƙalubalanta a gaban kotun a matsayinta na alƙalin zaɓe. Jam'iyyun adawa suka shigar da ƙara, ranar 12 ga Yuni kotun ta soke umarnin, wannan karon da hukunci wanda aya ta 115 ta ce ya hau kan kowa kuma ba a ɗaukaka shi. Shugaban ya nemi ta janye, ranar 26 ga Yuni ta ƙi. A wannan ranar ya ayyana cewa ya ɗauki ikon musamman na aya ta 53, wadda aka tanada domin lokacin da ƙasa ke cikin babban haɗari, ranar 29 ga Yuni kuma ya dakatar da ayoyin da suka kare alƙalan, ya rusa kotun, ya naɗa wata. Aka yi ƙuri'ar a ranar da ya sa, hukuma ta ce kashi 92.5 cikin ɗari sun amince, aka ƙara masa shekara uku, aka kuma cire iyakar wa'adi. Ƙungiyar ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, ta dakatar da ƙasar a watan Oktoba. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kutsa fadar ana tsakiyar taron ministoci suka kama shi.

To ga amsar kashi na uku na tambayarka, kuma wannan ra'ayina ne. Gaskiya ne kotun ba ta iya hana Tanja ba, domin ba ta da soja ko ɗan sanda ko baitulmali, takarda kawai gare ta. Amma abin da ta yi ba ƙarami ba ne: ta raba shi da rigar doka. Kafin 12 ga Yuni yana iya cewa saɓanin fassara ne tsakanin malaman shari'a, bayan 29 ga Yuni kuwa ya zama mutumin da aka yi wa hukunci ya kori alƙali. Ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyu da ƙasashen waje duk da wannan hukunci suka yi ta kafa hujja. Ka kwatanta da Najeriya a 2006, inda Majalisar Dattawa ce ta binne tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayu ba tare da an je kotu ba. A Nijar an rusa majalisa tun da fari, saboda haka nauyin duka ya faɗo a kan mutum bakwai. Sai dai akwai wani ɗaci a cikin labarin da bai kamata a ɓoye ba, wato hukuncin da aka yi domin kare kundi bai samu mai zartar da shi ba sai bindiga, kuma abu na farko da masu bindigar suka yi shi ne jingine kundin da ke aiki. Ban ɗauki wannan a matsayin cikakkiyar nasara ga shari'a ba.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta dawo da Mai Shari'a Bazeye ta shugabanci Majalisar Tsarin Mulki ta wucin gadi, wadda ta kula da zaɓukan 2011 da suka kawo Mahamadu Isufu. A nan ma ba ta yi sassauci ba, domin ta yi watsi da jerin 'yan takarar majalisa na jam'iyyu da dama, har da manya, saboda ba su cika sharuɗɗan doka ba. Kamfanin jaridar Daily Trust na Abuja ya ba ta lambar gwarzon Afirka ta 2011. Shi kuwa kundin 2010, idan ka karanta shi za ka ga tabon 2009 a jikinsa. Ya ce babu wanda zai yi fiye da wa'adi biyu ko ya tsawaita wa'adi bisa kowane dalili, ya ce ƙin bin hukuncin Kotun Tsarin Mulki cin amanar ƙasa ne ga shugaba, aya ta 135 kuma ta ce ba a rusa kotun, ba a kuma dakatar da wata aya da ta shafe ta. Manyan ƙofofin da Tanja ya bi sai da aka toshe su.

An rantsar da cikakkiyar kotun a 2013 ƙarƙashin Kadijatu Ly, daga baya Buba Mahaman ya gaje ta, kuma a wannan zamani ne aikin zaɓe ya fara cin mutuncin da ta tara. A 2016 ta amince da takarar Hama Amadu yana tsare a gidan yarin Filinge kan shari'ar safarar jarirai, ya kai zagaye na biyu daga kurkuku, 'yan adawa suka ƙaurace, Isufu ya samu fiye da kashi 92 cikin ɗari. A Nuwamban 2020 ta amince da mutum 30 cikin 41 da suka nemi takara, ta cire Hama saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da aka yi masa, bisa tanadin dokar zaɓe, ta kuma yi watsi da ƙarar da aka shigar kan takardun zama ɗan ƙasa na Muhammad Bazum. Ranar 21 ga Maris 2021 ta tabbatar da nasarar Bazum da kashi 55.66 cikin ɗari a kan Mahaman Usman, wanda ya ƙi amincewa. Ta fuskar doka, cire Hama yana da madogara a rubuce, domin kotun ba ita ta rubuta dokar zaɓe ba kuma ba ita ta yanke masa ɗauri ba. Amma magoya bayansa ba su ga haka ba, kuma wannan ita ce larurar ɗora wa kotu ɗaya tantance 'yan takara da sauraron ƙara da bayyana sakamako, a cikin 'yan kwanaki, ba tare da wata kotu a samanta ba: duk wanda ya faɗi zai ce alƙalai ne suka kayar da shi, kuma ba shi da inda zai kai kuka. Ba Nijar kaɗai ba ce. A Mali, sauya sakamakon kujeru kusan 30 na majalisa da kotun tsarin mulki ta yi a 2020 yana cikin abubuwan da suka hura wutar zanga-zangar da ta ƙare da faɗuwar Ibrahim Bubakar Keita. A Senegal kuwa, a Fabrairun 2024, majalisar tsarin mulki ta soke ɗage zaɓe, Shugaba Macky Sall ya bi, aka yi zaɓe a watan Maris. Abin da ya raba Dakar ta 2024 da Yamai ta 2009 ba ingancin hukunci ba ne, a ɗaya an samu shugaban da ya sunkuya, a ɗaya ba a samu ba.

Ranar 2 ga Afrilu 2021 Bazum ya yi rantsuwa a gaban kotun, karo na farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa mulki ga wani zaɓaɓɓe, kwana biyu bayan an murƙushe wani yunƙurin juyin mulki a kusa da fadar shugaban ƙasa. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun tsaron fadar suka tsare shi, majalisar soja ta CNSP ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tiani ta jingine kundin 2010 da hukumomin da ya kafa, kuma aya ta 135 da ta hana rusa kotun tana cikin abin da aka jingine, domin an rubuta ta ne da tunanin shugaba mai neman tazarce daga cikin tsari, ba wanda zai ɗage tsarin gaba ɗaya ba. Sabuwar Kotun Ƙasa da sojoji suka kafa ita ce ta cire wa Bazum rigar kariya ranar 14 ga Yuni 2024. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani a matsayin shugaban ƙasa na shekara biyar bisa wata sabuwar takardar yarjejeniyar sake gina ƙasa, kuma tun da ba zaɓe aka yi ba, babu jerin 'yan takara da za a tantance, babu kuma sakamakon da za a kai wa wata kotu ta tabbatar.